Bayan Kaka: Rumbu, Bashi da Zaman Tare Bisa ga Maganar Allah

'Yan'uwa manoma na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, daga watan Oktoba zuwa Disamba ne muke kawo masara da shinkafa da waken suya da dawa gida. Kudancin Jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa motocin 'yan kasuwa suke zuwa har Kwanar Dangora da Tudun Wada su kwashi hatsi zuwa kasuwar Dawanau da sauran wurare. Duk da haka, kowace shekara akan sami gidan da ya cika rumbu a watan Nuwamba, amma kafin watan Yuli maigida yana awo a kasuwa da kuɗin bashi. Akan kuma sami wa da ƙane waɗanda suka yi noma tare duk damina, da aka zo rabo sai suka daina gaisawa.

Sau da yawa tushen wannan yana cikin shawarwarin da aka yanke 'yan makonni bayan girbi: nawa za a sayar, wa za a biya, wa za a ba, wa kuma zai riƙe mabuɗi. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun shekarar 1932, an kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Mutanen da ke cikinsa, yawancinsu manoma ne da makiyaya kamarmu. Sun san fari da fara, sun san bashi da rigimar iyaka. Bari mu duba abin da yake koya mana a kan al'amura shida da kowane gida yake fuskanta.

1. Ajiya daban, ɓoyewa daban

A Farawa sura 41, Yusufu ya ba Fir'auna shawara a ware kashi 1 cikin 5 na amfanin gona cikin shekara 7 na ƙoshi, domin shekara 7 na yunwa da ke tafe. A Luka 12:16-21 kuwa, Yesu ya ba da misalin wani attajiri da ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, Allah kuwa ya kira shi wawa. Dukansu biyu hatsi suka tara. Me ya raba su? Sa'ad da yunwa ta zo, Yusufu ya buɗe rumbuna mutane suka rayu. Attajirin nan kuwa, cikin dukan lissafinsa ba a ji sunan kowa ba sai nasa. Karin Magana 11:26 ta nuna cewa jama'a sukan tsine wa mai ɓoye hatsi lokacin da ake bukatarsa, su sa wa mai fitowa da shi albarka. Wannan ya koya mana kada mu kama aya ɗaya mu gudu da ita. Sai mun haɗa aya da 'yar'uwarta kafin mu gane nufin Allah.

To, yaya za mu yi? Kafin a kai ko buhu ɗaya kasuwa, a zauna a yi lissafin abincin gida. Babban buhu yakan ci wajen kwano 40. Gidan da ake auna kwano 1 kowace rana yana bukatar buhu 9 da ɗan ƙari a shekara. In kwano 2 ne, buhu 18 ke nan da ɗan ƙari. A ware wannan tukuna, a ware iri, a fitar da zakka da baikon godiya, a kuma bar wani abu domin baƙo da rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne na sayarwa. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 za su gaya mana cewa wanda ya sayar da abincinsa bai san ranar da zai sake ganin irinsa ba.

Ajiya kuma tana bukatar kulawa. A bar hatsi ya bushe sarai kafin a ɗaure. Kada a zuba wa abinci maganin feshin gona, gama guba ne. Akwai buhun nan mai gida uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari sukan mutu ba tare da magani ba.

Yawanci hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada a tsakiyar damina. Amma ba kowace shekara ba. A 2025 farashin masara da shinkafa ya faɗi ƙwarai, taki kuwa bai sauka ba, waɗanda suka tara domin riba da yawa suka yi hasara. Wanda ya ajiye domin bakin 'ya'yansa, ko farashi ya hau ko ya sauka, tuwonsa yana nan.

2. Bashi da jingina

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na huɗa da na kayan noma suka ƙaru. Manoma da yawa sukan karɓi taki ko kuɗi ko hatsi da damina, a kan za su biya da amfanin gona da kaka. Iyayenmu suna kiran irin wannan falle. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, Littafi Mai Tsarki kuma bai ce cin bashi zunubi ne ba. Amma Karin Magana 22:7 ta gargaɗe mu cewa mai cin bashi yakan zama kamar bara a hannun wanda ya ba shi.

Ga misali. A ce gida yana bukatar buhu 10, ya girbe 9. A watan Agusta maigida ya karɓi buhu 1 a kan zai biya 2. Kaka ta zo, ya sake samun 9, ya biya 2, saura 7. Yanzu gibinsa buhu 3 ne. Ya karɓi 3 zai biya 6. A kaka ta uku, in ya biya, buhu 3 ne kawai za su rage masa. Daga nan sai jinginar gona. Ga shi ba fari aka yi ba, mutumin kuma ba rago ba ne.

Irin wannan ne ya faru a Nehemiya sura 5. Saboda yunwa mutane suka jinginar da gonakinsu da gidajensu ga 'yan'uwansu domin su sami hatsi. Nehemiya ya tara manya ya tsauta musu, suka kuwa yi alkawarin mayar da gonakin. Fitowa 22:25 ta hana karɓar ruwa daga hannun matalauci. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi mutum yake ci. A wurinmu, garma da shanun huɗa da gonar da gida ke ci daga cikinta, su ne dutsen niƙan manomi. Mai bi da Allah ya buɗa wa, ya yi tunani a kan wannan kafin ya karɓe su daga hannun ɗan'uwansa.

Wanda ake bi kuma yana da nasa nauyi. Zabura 37:21 ta lissafta mai ci ya ƙi biya cikin mugaye. In ka ga ba za ka iya cika alkawari ba, je wurin mai kuɗin kafin ranar ta zo, kada ka bari ya zo ya tarar kana ɓuya a ɗaki. Kowane bashi a rubuta shi a takarda gaban shaidu 2, ko da tsakanin wa da ƙane ne. A kuma bambanta bashin taki, wanda zai iya biyan kansa daga gona, da bashin biki, wanda ba ya haifar da kome.

Kada mu manta da 'yan ƙwadago. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunmu, Yakubu 5:4 kuma ya nuna cewa kukan masu girbin da aka hana haƙƙinsu yana kaiwa kunnen Ubangiji. Haka nan batun awo. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana riƙe ma'auni iri biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Wanda ya sa tsakuwa ko ɗanyen hatsi a gindin buhu, ya rufe da mai kyau a sama, ya ɓata shaidar ikilisiyarsa duka a kasuwa.

3. Maigida, uwargida da 'ya'ya

A gidajen iyayenmu da yawa, ana noman gandu tare, uwargida da samari kuma kowa yana da gayaunarsa. Akan rufe babban rumbu bayan kaka, ba a buɗe shi sai damina ta kama, lokacin aiki mai nauyi. Wannan dabara ce mai kyau. Yanzu hatsi yana cikin buhuna a ɗaki, kuma ɗora buhu a kan babur ba shi da wuya. Kafin a farga, ɗaya bayan ɗaya, ɗaki ya zama wayam.

1 Timoti 5:8 ya ɗora wa mai bi nauyin ciyar da gidansa da magana mai zafi. Afisawa 5:25-28 ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikinsa. Karin Magana 31:16 kuwa ta yabi macen da ta duba gona ta saya da guminta. Ashe mace mai noma da sana'a abar yabo ce a gaban Allah, amfanin gayaunarta kuwa nata ne. In za ta taimaki gida da shi, a roƙe ta, a gode mata. Bai kamata maigida ya sayar da na gandu ya kashe a wurin shan giya ko a kan abokai ba, sa'an nan ya bar wa uwargida ciyar da yara daga ɗan rumbunta. Ita ma bai kamata ta riƙa fitar da kwano ɗaya ɗaya a ɓoye ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Shawararmu ita ce, bayan an gama sussuka miji da mata su zauna su ƙirga buhunan tare. Uwargida ce ta san abin da tukunya ke ci, gama ita ke awo kullum. Samarin da suka yi aikin gandu su ma su ji lissafin, su san rabonsu. Kolosiyawa 3:21 ta gargaɗi iyaye maza kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Saurayin da ya yi damina uku bai ga ko kuɗin takalmi ba, in ya tafi birni bai dawo ba, kada a ce duniya ce ta lalace.

4. Iyakar gona da gado

Ƙasar noma ba ta ƙaruwa, mu kuwa muna ƙaruwa. Da aka gina madatsar ruwan Tiga daga 1971 zuwa 1974, an tashi ƙauyuka, ruwa ya rufe gonaki. Dajin Falgore kuwa gwamnati ta keɓe shi, ba wurin noma ba ne. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ne ke dubanta.

Maimaitawar Shari'a 19:14 da 27:17 sun hana kawar da alamar iyakar maƙwabci. Cin kunya ɗaya kowace shekara lokacin huɗa, shi ma kawar da iyaka ne. A dasa gamba ko bini-da-zugu ko zogale a kan iyaka, maƙwabta biyu suna tsaye. Uba kuma tun yana da rai ya zaga da 'ya'yansa, da mai unguwa, da dattawan ikilisiya, ya nuna kowace gona, da wadda aka saya, da ta aro, da ta jingina, a rubuta. Yin haka ba ya jawo mutuwa.

Sa'ad da wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, a Luka 12:13-15, Yesu ya ja kunnen jama'a a kan kwaɗayi, gama a nan ciwon yake. A Farawa 13, da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi faɗa, Ibrahim, wanda shi ne babba, ya bar ƙaramin ya fara zaɓa, domin kada zumunci ya lalace. A Littafin Ƙidaya 27 kuma, 'ya'yan Zelofehad mata sun kawo kuka cewa ubansu ya mutu ba ɗa namiji, Allah kuwa ya ce a ba su gādon. Saboda haka in ɗan'uwa ya rasu, kada dangi su karɓe gona daga hannun gwauruwa da marayu da sunan riƙo. Yakubu 1:27 ya sa kula da su cikin ainihin ibada.

In saɓani ya riga ya shiga, Matiyu 18:15-17 ya ba mu matakai. Na fari, ka tafi kai kaɗai, ba a kasuwa ba, ba kuma gaban mata da yara ba. Kana iya cewa, "Yaya, na zo ne mu yi magana tsakaninmu. Na ga kamar garma ta shigo wajena. Mu je mu duba tare, in ni ne na yi kuskure ka nuna mini." In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In har yanzu ya ƙi, a kai gaban ikilisiya. Hukuma tana nan, daga mai unguwa zuwa dagaci da hakimi da kotu, kuma in an kai ga barazana ko duka, a sanar da ita nan da nan. Amma 'yan'uwa da yawa sun kashe wa shari'a abin da ya fi kuɗin kunyar da suke faɗa a kai.

5. Maƙwabta da makiyaya

Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, waɗansu ma danginmu ne na jini. Kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha. Romawa 12:18 ta ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa, Galatiyawa 6:10 kuma ta ce mu yi wa dukan mutane alheri. Gaisuwar rashin lafiya, da ta'aziyya, da fita gayya, da aron jaki ko amalanke, ba sa tambayar addini. Zumunci a ƙafa yake.

Da kaka ne rigimar shanu ta fi yawa. Fitowa 22:5 ta ce wanda dabbarsa ta ci gonar wani ya biya daga mafi kyau na amfaninsa. Wannan doka ta hau kan makiyayi, ta kuma hau kanmu in awakinmu suka shiga lambun maƙwabci. In an yi maka ɓarna, kada ka sari saniya, kada ka daki yaron da ke kiwo. Kira mai unguwa da Arɗo su ga ɓarnar da idonsu tun sawu bai ɓace ba, a kimanta, a biya. Mu ma kada mu nome burtali ko hanyar mashaya, sa'an nan mu yi kuka shanu sun shigo. Iyayenmu sukan shirya da Fulani su sauka a gona bayan an kwashe amfani, shanu su ci kara su bar taki. Da tsadar takin zamani a yau, wannan tsohon shiri ya cancanci a farfaɗo da shi inda akwai yarda.

Har wa yau, Littafin Firistoci 19:9-10 ya ce a bar gefen gona da abin da ya zuba domin matalauci da baƙo. Da irin wannan ne Rut ta ciyar da surukarta. Mu ma muna da kala. Kada mu kori tsohuwar da ta shigo kala bayan an kwashe gyaɗa ko shinkafa.

6. Aure da sauran manyan shawarwari

Da rani ne ake yawan aure, ga Kirsimeti, ga kuɗin makaranta a watan Janairu. Aure abu ne mai daraja, murna kuma ba laifi ba ce. Amma a Luka 14:28-30 Yesu ya yi maganar mai gini da bai zauna ya yi lissafi ba, ya kafa tushe ya kasa gamawa, ya zama abin dariya. Iyayen yarinya su sassauta sadaki da lefe, iyayen yaro su rage gasa. Amaryar da ta shiga gidan da aka sayar da abincinsa domin bikinta, ita ce za ta fara jin yunwar.

Haka yake da sayar da gona domin sayen babur, da tura yarinya aikatau birni maimakon makaranta, da zaɓi tsakanin tafiya cin rani da noman rani a fadama ko a bakin ruwan Tiga. Ba za mu sami aya mai sunan babur ba. Amma za mu iya yi wa kowace shawara tambayoyi huɗu. Akwai abin da Maganar Allah ta hana a ciki? Wa zai sha wahala in abin bai yi ba? Na nemi shawarar matata da ta dattawa, kamar yadda Karin Magana 15:22 ta koyar? Na kawo shi gaban Allah cikin addu'a, ina sane cewa gobe a hannunsa take, kamar yadda Yakubu 4:13-15 ya tuna mana? In mai saye ya ce lalle sai yau, ka ce masa sai ka kwana a kai.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ayyukan Manzanni 11:27-30, masu bi na Antakiya sun ji yunwa na zuwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa domin 'yan'uwa na Yahudiya. Ikilisiyar ƙauye tana iya kafa rumbun taimako. Kowane gida ya kawo abin da aka yarda a kai da kaka. A buɗe a watan Yuli ko Agusta, a ba mabukata rance, su mayar da kaka da ɗan ƙari kaɗan wanda zai biya kuɗin buhu da abin da ya lalace, ba ribar kowa ba. Gwauraye da marasa lafiya a ba su kyauta. A zaɓi kwamiti na maza da mata, a sa kwaɗo 2 da mabuɗi a hannun mutum 2 dabam, a karanta lissafi gaban jama'a. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, domin kada a sami abin zargi, kamar yadda 2 Korintiyawa 8:18-21 ta nuna.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon masu bishara, da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, su karanta ayoyin nan tare da jama'a, sa'an nan a tattauna waɗannan:

1. A wane wata ne abinci ya ƙare a yawancin gidajenmu bara? Me ya cinye shi?

2. Gonaki nawa ne na 'yan ikilisiyarmu suke hannun jingina? Yaya za a fanso su?

3. Akwai gwauruwa ko maraya a cikinmu da aka karɓe wa gona? Wa zai je ya yi magana?

4. Yaushe rabon da dattawanmu su zauna da mai unguwa da Arɗo kafin lokacin girbi?

Ku rubuto mana abin da kuka yanke, da yadda rumbun taimako yake tafiya a inda aka riga aka fara, domin waɗansu ƙauyuka su koya. Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya kuma kai mu damina mai zuwa lafiya.